MUDU DA MITA: MATSAYIN MAI SAYE A CIKIN MANUFOFIN TATTALIN ARZIKIN NIJERIYA

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba dangantakar da ke tsakanin abubuwa uku, watau manufofin gwamnati na tattalin arziki, da abubuwan da ciniki ya dogara a kansu kamar hanya da tashar jiragen ruwa da wutar lantarki, sa'an nan da kare hakkin mai saye. Abin da muke so mu nuna shi ne, doka ita kaɗai ba ta iya kare mai saye matuƙar kaya sun yi ƙaranci, ko kuwa mai sayarwa guda ɗaya ne tak a kasuwa.

Wannan batu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun can da, akwai sarkin kasuwa mai sasanta rikicin ciniki, akwai kuma muhtasibi a zamanin Daular Sakkwato, wanda yakan duba mudu da sikeli don hana tauye awo. Amma abin da ya fi tsorata ɗan kasuwa shi ne, mai saye yana iya matsawa rumfa ta gaba.

2.0 Zamanin Ƙayyade Farashi

A shekarar 1970, bayan yaƙin basasa, gwamnati ta kafa Hukumar Ƙayyade Farashi, aka kuma sake ƙarfafa dokar a 1977. Niyyar mai kyau ce, to amma sai ta ci karo da wasu al'amura. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata, alhali kaya ba su ƙaru ba. A wannan shekara ce kuma ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cushe tashar Ikko, har sauran kayan masarufi suka rasa hanyar sauka. Sakamakon haka, madara da sukari da sabulu suka ɓace daga kantuna, suka ɓulla a kasuwar bayan fage da tsada fiye da da. Farashin gwamnati yana nan a rubuce, amma mai saye ba ya samun kayan a kan farashin.

A 1986 aka juya akalar baki ɗaya, aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, aka saki darajar Naira, aka bar kasuwa ta yi halinta. Da gwamnati ta janye hannunta daga farashi, sai ta koma ga inganci da gaskiyar ciniki. Aka kafa Majalisar Kare Masu Saye a 1992, da hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a 1993. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ce ta maye gurbin ta 1992, ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba mai saye ikon sanin farashi a fili da mayar da kaya masu aibu.

3.0 Hanya da Wuta a Cikin Farashi

Farashin da mai saye yake biya ba na kaya ne kaɗai ba. Alal misali, kwandon tumatirin da ya tashi daga Kadawa zuwa Ikko yana ɗauke da kuɗin mai, da gyaran motar da ramuka suka jijjiga, da abin da aka karɓa a shingaye, da asarar wanda ya ruɓe a hanya. Duk mai saye ne zai biya. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin dako ya hau, farashin abinci ya bi shi, ba tare da wani ɗan kasuwa ya karya doka ba.

Wutar lantarki ta fi bayyana wannan matsala. Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta zama PHCN a 2005, sa'an nan daga watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 masu zaman kansu, kowanne da yankinsa. A nan babu rumfa ta gaba. Wanda ba shi da mita kuwa, ƙiyasi ake yi masa, watau tamkar a sayar wa mutum gero ba tare da mudu ba, mai sayarwa ya faɗi adadin da ya auna. Hukumar NERC ta sa iyaka ga kuɗin ƙiyasi a 2020, amma iyaka daban, awo daban. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko zuwa Naira 225 kan kowane kilowat na awa guda, bisa alkawarin wutar awa 20 a rana. A watan Oktoba na shekarar, jihohin Arewa da dama suka yi kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Mai injin niƙa da tela da mai walda suka koma ga janareto, kuɗin ya sake faɗawa kan mai saye.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna iya cewa garkuwar mai saye iri uku ce: wadatar kaya, da zaɓi tsakanin masu sayarwa, da awo na gaskiya. Hanya da wuta su ke kawo ta farko da ta biyu, doka kuwa ita ke tsare ta uku. Saboda haka muna ba da shawara a ɗauki samar da mita ga kowane gida a matsayin hakki, kamar yadda mudu yake a kasuwa. Har wa yau, ya kamata a fassara dokar 2018 zuwa Hausa da sauran harsunan ƙasa, a kuma sa ta cikin darussan ilmin kasuwanci da ilmin zaman jama'a a kwalejojinmu na horon malamai, domin wanda bai san hakkinsa ba, ba zai kai ƙara ba ko da an buɗe masa ofis a ƙofar gida.