Kuɗin Goro: Ƙalubalen Da Ke Gaban Sulhu A Batsari Da Safana

A ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke gefen dajin Rugu, manoma Hausawa da makiyaya Fulani sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Hare-haren 'yan bindiga ne suka ɓata wannan zama: aka riƙa yi wa Fulani kuɗin goro, 'yan sa-kai na far wa waɗanda ba su ji ba su gani ba, ramuwar gayya kuma tana faɗawa kan manoma.

Don haka a 2019 gwamnatin Aminu Bello Masari ta haramta 'yan sa-kai tare da ƙulla sulhu, amma bai ɗore ba. A 2023 gwamnatin Dikko Radda ta kafa rundunar tsaron al'umma mai horo, sannan a 2025 shugabannin yankin suka sake zaman sulhu.

Sauran aikin na makaranta ne. Tun 1989 akwai Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, sai dai rashin tsaro ya rufe makarantu da dama a karkara. Muddin ɗan ruga da ɗan gari ba su haɗu a aji ɗaya ba, zargin juna zai ci gaba da yi wa sulhun barazana.