Ko Kun Sani? Abin da Ke Sa Lasifika Kuka

Ƙarar nan mai tsaga kunne da lasifika kan yi a masallatan Dogon Kiriya, ko a filin kokawa a Dogon Dutse, tana da bayani a ilimin sigina. Lasifika ba ta fitar da murya sai an yi magana a makirufo, domin sakamako ba ya riga sanadinsa. To amma idan ladan ya matso da makirufo kusa da ita, sautin da ta fitar yakan sake shiga makirufo, ya fito da ƙarfin da ya fi na baya, yana zagayawa yana ƙaruwa har na'urar ta rikice. A 1932 Harry Nyquist, injiniya a Amurka, ya wallafa ƙa'idar gane lokacin da irin wannan zagaye zai ƙwace. Rage sauti ko nisanta makirufo yakan kashe ƙarar.