Zakkar Fid da Kai a Babban Gida

Ya kai mai gida, idan Azumi ya kusa ƙarewa, akwai nauyin da ke wuyanka wanda ya riga ɗinkin Salla, shi ne zakkar fid da kai. An wajabta ta tun shekara ta 2 bayan Hijira.

Da fari ka zauna ka ƙidaya waɗanda ciyarwarsu ke kanka: kai kanka, da matanka, da 'ya'yanka maza da ba su balaga ba, da 'ya'ya mata da ba su tare ba, da iyayenka in ba su da hali. Ɗanka baligi mai sana'a shi zai fid da tasa, ko da tukunyarku ɗaya.

Kowane mutum mudu 4 ne, da mudun Annabi, ba na kasuwa ba. Mudun nan shi ne cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum. In ku 15 ne, ka ga mudu 60 ke nan. Daga abin da aka fi ci a garinku za ka auna, ko gero, ko dawa, ko shinkafa.

An fi so ka bayar ran Salla bayan ketowar alfijir, kafin a tafi Idi, amma an yarda ka gabatar da kwana 1 ko 2. Matalauta Musulmi ake ba. In ka yi jinkiri ba ta faɗi ba, bashi ce a kanka. Saboda haka ka auna da wuri, don maƙwabcinka matalauci shi ma ya ɗora tukunya ran Salla.