Gadamas, Garin da Ayari Ya Daina Zuwa

Duk wanda Allah ya ƙaddara masa shiga tsohon birnin Gadamas, can kan iyakar Libiya inda ta haɗu da Tunisiya da Aljeriya, abin da zai fara riskarsa shi ne sanyi da duhun lungunansa, domin magabata sun lulluɓe hanyoyin da gini, suka bar 'yan kafofin haske nan da can, ta yadda mutum zai ratsa gari da tsakar rana ba tare da zafin Sahara ya taɓa shi ba. A da, maza ke bin ƙasa. Mata kuwa tasu hanyar tana bisa soraye, inda suke sada zumunci cikin sutura.

Asalin garin idon ruwa ne, Ainul Faras, wanda aka riƙa raba ruwansa ga gonakin dabino bisa ƙididdigar lokaci, kowa da rabonsa. Amma dabino bai gina waɗannan benaye ba. Fatauci ya gina su. Attajiran Gadamas, waɗanda amanarsu da iya lissafinsu suka shahara, suna da wakilai a Tarabulus da Gat da Damagaram da Kano, inda suka zauna a Dandalin Turawa, suna sauke alharini da takarda da turare, suna ɗaukar jemammiyar fata da hauren giwa da gashin jimina. Wajibi ne a faɗa, ko da zuciya ba ta so, cewa cikin abin da ayarin ya kora arewa har da bayin Allah da aka raba da iyayensu.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kaya suka juya zuwa teku, tafiyar watanni bisa raƙumi ta zama asara, kasuwar Gadamas ta mutu a hankali. Daga baya hukuma ta gina wa jama'a sababbin gidaje a waje, suka ƙaura, a 1986 kuma UNESCO ta sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. A ganina wannan karramawa ba ta wadatar ba, domin ginin ƙasa mazauninsa ne yake raya shi da yaɓe da farar ƙasa bayan kowane ruwa, kuma mafi yawan magada ba sa komawa gidajen kakanninsu sai in bazara ta tsananta.