Tsohon Hauren Giwa Ya Raba Kan Masu Sassaƙa Jita

A ƙasashen Turawa, musamman Amurka da Ingila, an daɗe ana gardama tsakanin masu sassaƙa jita a kan magana guda: shin daidai ne a ɗauko tsohon hauren giwa, wanda aka yanke tun zamanin kakanni, a sa shi a jikin sabuwar jita?

Asalin maganar kuwa shi ne, kowace jita tana da 'yan abubuwa biyu masu tauri waɗanda tsirkiya ke hawa kansu, ɗaya a wuya, ɗaya a ciki, watau kamar jakin da ke ɗauke da tsirkiyar goge. A da can da haure ake yin su, kamar yadda ake gani a tsofaffin jitocin kamfanin Martin, wanda aka kafa a Amurka cikin 1833. Har gobe akwai makaɗan da suka rantse cewa amon haure daban ne.

Masu goyon baya sun ce giwar da ta ba da hauren ta mutu tun shekaru ɗari da suka wuce. Ga tsofaffin fiyano birjik ana zubarwa, alhali fararen madannan kowanne guda 52 an lulluɓe su da ɓallin haure, wanda zai yi kyau wajen yi wa jita ado. A ganinsu, jefa shi a juji ba zai ta da giwa ko ɗaya ba.

Amma masu adawa sun ce a nan ne fa gizo ke saƙar. Ma'aikacin kwastan ba ya iya rarrabe tsohon haure da sabo da ido, domin 'yan fasa ƙwauri sukan jiƙa sabo a ruwan shayi ya yi ja kamar ya shekara ɗari. Muddin akwai kasuwar tsoho, to, kura ta sami fatar akuya. Wani bincike da masanan Jami'ar Yuta ta Amurka suka jagoranta a 2016 ya nuna cewa wajen kashi 90 cikin 100 na hauren da aka kama, na giwayen da ba su kai shekara uku da mutuwa ba ne. Dama tsakanin 1979 da 1989 giwayen Afirka sun ragu daga kimanin miliyan 1.3 zuwa wajen 600,000, abin da ya sa ƙasashen yarjejeniyar CITES suka haramta cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa a 1989.

Hukumomi dai sun karkata ga masu adawa. Dokar Amurka ta Yulin 2016 ta yarda a sayar da kayan kiɗa daga wata jiha zuwa wata in hauren jikinsa bai kai giram 200 ba, amma sai in an ƙera kayan kafin dokar. Dokar Ingila da ta fara aiki a 2022 ta ƙyale kayan kiɗan da aka yi kafin 1975 kaɗai, in haurensu bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Ke nan wanda ya sa tsohon haure a sabuwar jita ya ƙera abin da zai zame masa ƙarfen ƙafa a kasuwa.

Wannan magana ta shafi masu sayar da kayan sassaƙa a Ikko da sauran biranen kudu. Tun 1985 Nijeriya ke da dokar kare namun dajin da ke neman ƙarewa, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe haure wajen tan biyu da rabi a Abuja. Duk wanda aka kawo wa haure aka ce masa na gado ne, ya yi hattara, don shi za a kama da kaya a hannu.

Abin da yawancin masu sassaƙa jita suka koma wa yanzu kuwa shi ne ƙashin saniya, wasu kuma na raƙumi. Sukan dafa shi su fid da kitse, su busar, su goge, ya yi fari fat, ya kuma ba da amon da makaɗa da yawa ba sa iya bambanta shi da na haure. Ashe irin ƙashin da ake tarawa kullum a mayankar Oko-Oba ta Agege ya isa ya ɗauke wa giwa wannan kaya. Allah ya bar wa jikoki giwayen Yankari su gani da idonsu, amin.