Idan mai jego ta daina barci

A Poumpoumré, nan Garwa, matan 'yan kasuwa da yawa kan haihu nesa da iyayensu. Uwa tana Kano ko Maraɗi, maigida ya bi kaya Ngawundare. To, wa zai lura idan mai jego ta kwana uku ba ta runtsa ba, alhali jariri na barcinsa?

Cikin haihuwa 1,000, mace 1 ko 2 kan gamu da taɓin hankali mai tsanani, galibi cikin sati 2 na farko, daidai lokacin da gida ke cike da 'yan barka. Ta dinga surutai, tana jin muryoyi, ko ta ce ɗan ba nata ba ne. Nan da nan sai ka ji: "Ai iska ce, a kawo hayaƙi."

Haihuwar fari na ƙara haɗarin, haka ma idan uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi. Mafi girma shi ne abin da ake ɓoyewa lokacin neman aure: ta taɓa ciwon ƙwaƙwalwa, musamman irin mai hawa da sauka. Wadda kuwa ta yi a jegon baya, kusan rabinsu yakan dawo musu. Maigida, wannan labarin ungozomar awo ya kamata ta ji tun ciki bai tsufa ba.

In abin ya taso, kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kada a jira suna ya wuce. A yi addu'ar a mota, a nufi babban asibitin Garwa. Ana warkewa da magani. A kuma gaya wa likita in akwai zazzaɓi, don shi ma yana rikita mai jego.