Boris ɗin tirela: Ƙaramin ƙarfen da ke tsayar da babbar mota a hanyar Boɗinga zuwa Shagari

Duk mai bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ya saba ganin tirela tsaye a gefen titi tsakanin Boɗinga da Shagari, an cire mata taya, an jera ganye a kan kwalta domin gargaɗin masu tahowa. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya kwantar da motar shi ne boris, ƙarfen da mutum zai iya riƙewa a hannu ɗaya.

Wannan titi wani yanki ne na babbar hanyar A1 da ta taso daga Legas ta ratsa Kwantagora da Yawuri har zuwa Illela. A kanta ake jigilar simintin Kalambaina da albasa da dabbobi zuwa Kudu, kuma ita ma'aikata ke bi safe da yamma. Saboda haka lafiyar ƙafar tirela ta shafi ɗan kasuwar da ya yi lodi da kuma mai ƙaramar motar da ke biye da ita.

Mene ne aikin boris?

Boris shi ne zoben ƙarfen da ke tsakanin aksul da ƙafar mota, wanda ke ɗauke da nauyi yayin da taya ke juyawa. Galibin tireloli na amfani da nau'in da Ba'amurke Henry Timken ya yi wa rajistar mallaka a 1898, mai ƙwayoyin ƙarfe masu tsukewa a gefe ɗaya. Kowace ƙafa tana da biyu, na ciki da na waje, kuma kowanne yana gudu ne a cikin wani zobe da ake kira kofi.

Abubuwa uku ne suka fi kashe shi: ƙarewar giris, lodi fiye da kima, da shigar ƙura ko ruwa. Ƙurar hunturu da zafin bazara, lokacin da Sakkwato kan haura digiri 40, suna gaggauta lalacewarsa. Idan boris ya bushe sai ya yi zafi, zafin kan iya kunna wa taya wuta, ko kuma ƙafar ta fita gaba ɗaya mota na cikin gudu.

Alamomin lalacewa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Galibi boris kan yi gargaɗi kafin ya mutu: gurnani da ke ƙaruwa da gudu, giris da ke tsiyaya a bayan taya, warin ƙuna, ko ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi. Direban da ya tsaya a Boɗinga ya kusantar da hannunsa ga kowace ƙafa zai iya gano matsalar kafin ya kai Shagari.

Yadda ake sauyawa

Da farko ana ajiye motar a wuri mai tauri, a sa waiji, a ɗaga aksul da jak, sannan a tokare shi da abin da zai riƙe nauyin. Shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ganganci ne.

Daga nan sai a cire taya da murfin ƙafa, a kwance noti, a zare boris na waje, a janyo ƙafar, a fitar da na ciki tare da robar da ke tare giris, wadda makanikai ke kira sil. Ana wanke komai, a duba bakin aksul. Idan ya yi shuɗi-shuɗi ko ya zaizaye, sabon boris ba zai daɗe a kansa ba.

Ƙa'ida ita ce a sauya boris da kofinsa tare, a kuma sa sabon sil. Ana cusa giris har ya ratsa tsakanin ƙwayoyin, ba shafawa a sama kawai ba, kuma ba a gauraya giris iri biyu.

Matakin da ya fi wuya shi ne ɗaure noti. Ana matse shi ana juya ƙafar domin boris ya zauna, sannan a sassauta, a bar rata tsakanin milimita 0.025 da 0.127, a kulle shi. Matsewa da yawa na haifar da zafi, sakin jiki kuma na sa taya rawa.

Abin da ya rataya a wuyan mai kaya

Ɗan kasuwa yana da haƙƙin tambayar direba yaushe aka duba ƙafafun motar kafin a fara lodi, kuma bai kamata ya matsa a ƙara kaya fiye da ƙarfinta ba. Mai mota kuwa ya guji jabun boris mai araha, domin kuɗinsa bai kai asarar albasar da ta kwana biyu a rana ba. Shi kuma mai ƙaramar mota, idan ya ga hayaƙi na tashi daga ƙafar tirela, ya ja baya, ya ankarar da direban ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa.